Kafin Ta Zama Inna, Wace Ce?

  Ina gaida mutanen cikin garin Kontagora. Ina gaida na Mariga da Rijau, na Mashegu da Magama, na Wushishi, da duk inda wannan murya ta kai. Ina gaida iyayenmu mata da ke gindin murhu a wannan lokaci. Ina gaida direbobin da ke kan hanyar Tegina da masu nufar Yawuri. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Sharhinmu na yau a kan wani fim ne na ƙasar Koriya ta Kudu. Na san da jin haka wani dattijo zai kai hannu ya murɗa akwati. Ranka ya daɗe, ka ɗan dakata. Daga Koriya za mu faro, amma a tsakar gidanka za mu sauka.

Tambaya guda nake so mu riƙe. Kafin mahaifiyarka ta zama Inna, wace ce? Kafin mahaifinka ya zama Baba, wane ne? Ka sani? Kin sani?

To, bari mu fara da yadda fina-finan Koriya suka shigo mana.

Ba yau suka fara ba. Waɗanda suka ɗan manyanta za su tuna Jumong, fim ɗin nan na sarauta da yaƙi da aka fara nunawa a Koriya a 2006. A faifai ya zo mana. Gida guda ya saya, unguwa guda ta kalla. Yau faifai ya ja baya, waya ta karɓe. Ka je bakin tasha ko cikin kasuwa, ka tarar da mai turi zaune gaban kwamfuta, matasa sun yi masa rumfa. Wannan ya ce na Indiya, wancan ya ce na Hausa, waccan ta ce ita na Koriya take so. A tura mata, ta biya wajen mai caji, ta koma gida. Su ma Koriyawan ba da wasa suke tallata al'adarsu ba. Tun 2010 suka buɗe cibiyar al'adunsu a Abuja.

Yawancin abin da muka saba gani nasu, ko dai takobi ne da rikicin fada, ko soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka. Amma a watan Maris na 2025 kamfanin Netflix ya fito da wani mai kashi 16 wanda ya fita zakka. Sunansa da Turanci When Life Gives You Tangerines. Babu sarki a ciki. Babu jarumin da ke tarwatsa runduna shi kaɗai. Labarin wani masunci ne da matarsa da 'ya'yansu, tun daga ƙuruciya har tsufa. Iyakarsa ke nan. Amma da wuya mutum ya kai ƙarshensa bai share hawaye ba.

Yanzu ga labarin a taƙaice.

A kudancin Koriya akwai tsibirin da ake kira Jeju. Ƙasa ce mai duwatsu da iska. Matan wurin sun yi suna da wata sana'a mai haɗari. Suna nutso cikin teku ba tukunyar iska a bayansu. Su riƙe numfashi, su ɗebo abin da za a sayar a ci abinci. A 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin al'adun duniya da suka cancanci a adana.

A nan aka haifi wata yarinya, Esun, a farkon shekarun 1950, lokacin da yaƙi ya ɗaiɗaita ƙasar. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta ta sake aure, ita kuma aka bar ta riƙo a gidan dangin uba. A gidan, in an kawo kifi kowa ya samu, ban da ita. Da labari ya kai kunnen uwar, sai ta taso da kifinta a hannu, ta watsa musu, ta kama hannun 'yarta ta tafi da ita. Ba a daɗe ba aikin nutso ya gama cin huhun uwar. Ta rasu tana da shekara 29, ta bar Esun tana da 10. Yarinya ta zama agola a gidan mijin uwa. Ita ce raino, ita ce noman kabeji, alhali burinta ta yi karatu mai zurfi ta zama marubuciyar waƙa.

Akwai kuma wani yaro, Gwansik, marar yawan magana. Tun suna ƙanana yake kawo mata kifi. A kasuwa kunya ta hana ta tallar kabejinta, sai ya zama shi ke yi mata ciniki, ita tana gefe da littafi. Suka yi aure da ƙuruciya. Suka sha wuya a gidan surukai. Suka koma gidan haya, babu ko na cefane. Tsofaffin da suka ba su haya sukan lallaɓo da dare su ƙara musu shinkafa a randa, daidai ta yini guda, don kada su gane su ji kunya. Allah ya ba su 'ya'ya uku.

Wurare biyu nake so ku gani da idon zuci.

Na farko, ranar guguwa. Autansu ya zubar da alawa, uwar ta yi masa faɗa. Ya miƙa hannu yana so ta rungume shi. Hankalinta na wani wuri, ba ta yi ba. Sai aka ce babbar 'yar ta faɗi da keke. Uwa ta fita a guje. Kafin ta dawo, ƙaramin ya fita, teku ta ɗauke shi. Aka kawo gawarsa bakin ruwa. Uban nan da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ranar ya durƙushe. Kowa a gidan ya ɗora wa kansa laifi, har yara biyun da suka rage. Ita kuwa uwar, har ta yi furfura, abu ɗaya ke cin ta: ya nemi runguma, ba ta yi masa ba.

Na biyu, bayan shekaru. Babbar 'yar ta samu shiga babbar jami'ar Seoul. Ta so ta tafi Japan ƙaro ilimi, babu kuɗi. Iyayen suka sayar da gidansu, gidan da uwar Esun ta zauna, suka tura ta. Amma in sun kira ta a waya, sai ta amsa da gajiya. In sun tambaye ta ko ta ci abinci, sai ta hau faɗa. Wata rana uban ya zo birni, ya zauna a tashar mota sa'o'i yana jiranta, don kawai ya ga fuskarta. Da ta zo, abin da ya fara fita bakinta ƙorafi ne. Tana son su har cikin ranta. Amma a kansu take sauke gajiyar duniya, domin ta san su kaɗai ne ba za su rama ba. Daga baya ɗansu namiji ya faɗa rikicin kuɗi, uban ya sayar da jirgin da yake su da shi don ya fitar da shi. A ƙarshe cutar dajin jini ta kwantar da Gwansik, ya rasu. Esun kuwa sai da ta haura shekara 70 kafin littafin waƙoƙinta ya fito.

To, masu saurare, me ya sa wannan labari ke sa mutum kuka? Mu ba mu da teku a Kontagora. Ba ma jin yarensu. Addininmu daban, abincinmu daban. Me ya haɗa mu?

Ga inda gizo ke saƙar. Masu shirya fim ɗin sun ɗauki 'yar wasa guda, wadda ake kira IU, suka ba ta matsayi biyu. Ita ce Esun a ƙuruciya. Ita ce kuma 'yar Esun bayan ta girma. Fuska ɗaya, uwa da ɗiya. Saboda haka duk sanda 'yar ta ɗaga wa uwarta murya, kai mai kallo ka san abin da ita ba ta sani ba. Ka san tsohuwar nan da ake wa tsawa ta taɓa zama yarinya mai ƙwaƙwalwa. Ka ga ranar da aka hana ta kifi. Ka ga ranar da ta binne uwarta. Ka ga ranar da ta naɗe burinta ta ajiye don wannan ɗiya ta samu nata. Shi ya sa zuciyarka ke karyewa.

Mu duka a tsakiyar labari muka iske iyayenmu. Ka buɗi ido ka ga Inna da zani ɗaure tana tuƙa tuwo. Ka ɗauka haka aka halicce ta. Ka ga Baba da fartanya a kafaɗa, fuska a murtuke. Ka ɗauka bai taɓa wasan langa ba, bai taɓa kuka ba, bai taɓa son wani abu ya rasa ba. Wannan fim ya ba mai kallo abin da rayuwa ba ta ba ɗa: ya ga iyaye tun suna yara. Shi ya sa na tambaye ku. Kafin ta zama Inna, wace ce?

Yanzu mu dawo gida.

Mu mutane ne masu alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Uba ba ya ɗaukar ɗansa yana yi masa wasa a gaban surukai. Da wuya ka ji dattijo ya buɗe baki ya ce wa ɗansa yana ƙaunarsa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ina alfahari da ita. Amma tana da abin da take ɓoyewa. Ƙaunar iyayenmu a aiki take, kuma yawancin aikin a bayan idonmu ake yin sa.

Ku dubi manomin ƙasar nan tamu. Ya girbe masara da dawa da waken suya. Ya san in ya yi haƙuri zuwa bazara, buhu zai yi daraja. Sai ga saƙo daga ɗansa da ke karatu a Minna, ko Zariya, ko nan makarantar horar da malamai ta tarayya da ke cikin gari: za a rufe rajista. Bai ce komai ba. Da asuba ya ɗora buhuna a mashin, ya kai kasuwa, ya sayar a farashin kaka. Yaro ya ga kuɗi sun shigo waya. Bai ga rumbun da ya yi ƙasa ba. In ya kira gida ya tambaya, amsa ɗaya ce: lafiya lau, kai dai ka yi karatu.

Ku dubi uwar da ke suyar awara a ƙofar gida. Tun dare ta jiƙa wake. Da sassafe aka kai niƙa. Ta tace, ta dafa, ta matse, ta yanka, ta zauna gaban mai har magariba. Hayaƙi ya ci idonta. Ribar kuma ta tafi adashi, adashin ya tafi kayan ɗakin 'yarta. Wataƙila matar nan ita ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu kafin a cire ta a yi mata aure. Wataƙila malama ta so zama, ko ma'aikaciyar jinya. Wa ya taɓa tambayarta? 'Yar da ta yi wa wannan hidima tana ɗaki cikin gidan sauro, waya a hannu, tana zubar da hawaye saboda wata uwa ta tsibirin Jeju. Hawayen nan na gaskiya ne, ba na raina su. Amma mai haƙƙinsu tana tsakar gida tana kankare kasko.

Sannan ku tuna irin zamanin da dattawanmu suka ratsa. Garin nan kansa matafiya suka kafa shi. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, daga ƙasar Sakkwato ya taso, ya kafa Kontagora wajejen 1864. Tun daga nan jama'a ke zuwa, suna tarar da Kambari da Dukawa da sauran 'yan ƙasa, ana aure ana cuɗanya. Kusan kowane gida yana da labarin wata tafiya. Tsohon da ke zaune a zaurenku ya ga lokacin da aka gina madatsar Kainji, ruwa ya ci garuruwa irin tsohuwar Busa. Ya ga farin 1973. Ya ga ranar da aka bar fam da sule aka koma naira. Ya san lokacin da Sakkwato ce hedikwatar jiharmu, kafin a yanke Jihar Neja a 1976. A 'yan shekarun nan kuma, iyaye nawa suka baro ƙauyukansu da gonakinsu saboda 'yan bindiga, suka goyo yara cikin dare suka shigo gari? Yaran za su girma. Wa zai gaya musu abin da aka sha a kansu?

Jama'a, kowane gida a Kontagora yana da labarin da ya fi kashi 16. Ba a dai tambaya ne.

Yanzu bari mu saurari masu ƙorafi, domin suna da gaskiyarsu.

Wani malami zai ce, waɗannan fina-finai suna ɓata tarbiyya. Allah gafarta malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. A cikin wannan fim ɗin ma akwai abubuwan da ba namu ba ne. Akwai shan giya. Akwai camfe-camfe irin nasu. Akwai inda saurayi da budurwa suka gudu daga gida zuwa birnin Busan ba da yardar manya ba. Ba abin koyi ba ne, kuma ba kowane yaro za a miƙa wa waya a juya baya ba. Wata uwa kuma za ta ce, 'yata ta kwana kallo, asuba ta wuce ta, wanke-wanke na jiranta. Ita ma gaskiyarta. Wanda ya bar uwarsa da aiki don ya kalli fim ɗin tausayin uwa, bai fahimci abin da ya kalla ba.

Don haka ban zo in ce kowa ya je ya nemi fim ɗin ba. Wanda bai gani ba, ga shi na ba shi labari, ya wadatar. Darasin kuwa tun kafin Koriya muna da shi. A Suratul Isra'i, Allah ya haɗa bauta masa da kyautata wa iyaye, ya hana ko da 'yar ƙaramar kalmar ƙosawa gare su idan sun tsufa. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da umarnin girmama uba da uwa cikin dokoki goma. Mun haddace, muna ji a huɗuba. Amma ji daban, gani daban. Wani sai ya ga ɗiya tana yi wa ubanta tsawa a allon waya, sannan ya gane muryar kansa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu lura da shi game da ita Koriyar.

Ƙasar da ta fito daga yaƙi a 1953 cikin talauci, yau ita ke ƙera wayoyi da motocin da muke saye. Iyayen wancan zamani ne suka biya wannan ci gaba da jikinsu. Amma yau suna cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin haihuwa a duniya. A 2023 lissafin gwamnatinsu ya nuna matsakaicin haihuwa bai kai ɗa guda ga kowace mace ba. Ana rufe makarantun ƙauye saboda babu yara. Tsofaffi da yawa su kaɗai suke zaune, 'ya'ya suna birni. A ganina, shi ya sa labarin ya taɓa su sosai. Suna kukan abin da ke kuɓuce musu ne.

Mu har yanzu muna da shi. Muna da gidan gandu. Muna da kaka a ɗaki, jika a cinya. Muna da maƙwabciyar da za ta aiko da kwanon tuwo ba a roƙe ta ba. Amma mu ma mun kama hanya. Matasanmu suna Abuja, suna Legas, suna Kaduna. Wanda ke gida ma, kansa na sunkuye a waya. Ana zaune tabarma ɗaya, kowa da duniyarsa. Tun kafin mu fara kukan rashi, mu riƙe abin da ke hannu.

To, me za mu yi? Abu mai sauƙi ne, ba ya cin ko sisi.

Samari da 'yan mata, da ku nake. Yau bayan isha'i, ajiye wayar. Je ki zauna kusa da Inna. Karɓi tsintsiyar ko muciyar daga hannunta. Ki ce, Inna, a wane gari aka haife ki? Wa ya riƙe ki? Me kika so ki zama? Da farko za ta kore ki. Za ta ce ke dai kin cika surutu. Kada ki tashi. Gobe ki sake. Kai kuma saurayi, bi Baba gona, ko ka zauna da shi a zaure. Tambaye shi aikin da ya fara yi, da yadda ya tara sadakin mahaifiyarka, da shekarar da ta fi masa wuya. In ya yarda, ɗauki muryarsa a wayar nan taka. Wata rana 'ya'yanka za su gode maka.

Wanda yake nesa, ya kira. Kuma in sun tambaye ka ko ka ci abinci, amsa da daɗin rai. Tambayar ke nan da alkunya ta bar musu su nuna maka ƙauna da ita.

Iyaye, ku ma ina roƙonku da girmamawa. In yaro ya tambaya, a ba shi amsa. Faɗin wahalar da aka sha ba gori ba ne, in da taushi aka faɗa. Ɗan da ya san abin da aka sayar don ya yi karatu, ba ya wasa da littafi. Kuma in ƙaramin yaro ya miƙo hannu, a ɗauke shi. Aiki zai jira.

Waɗanda nasu iyayen suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Ƙofa ba ta rufe muku duka ba. Akwai addu'a, akwai sadaka. Akwai goggo, akwai kawu, akwai aminiyar Inna da suka yi tashe tare. Zumunta a ƙafa take. Ku je ku gaishe su, ku riƙa musu ko goro ne, ku ce a ba ku labari. Za ku ji abin da zai sa ku ƙara yi wa mamatan addu'a.

Jama'a masu saurare, a nan zan dasa aya. Wanda duk ya ji wannan sharhi, kada ya bar shi a bakin akwati. Ya kai shi ɗakin mahaifiyarsa, ya kai shi zauren mahaifinsa, tun yau. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri. Ya ba mu ikon kyautata musu. Ya ba ƙasar Kontagora da Najeriya baki ɗaya zaman lafiya da damina mai albarka.